Injin girgiza da hannun da ya shanye: me yake iya yi, a ina kuma ƙarfinsa ya tsaya?

Duk wanda yake da majinyacin shanyewar ɓarin jiki a gida, kuma ya taɓa dubawa a waya ko sau ɗaya ne kan yadda hannu zai dawo aiki, ya san abin da ke biyo baya. Talla ce za ta dinga binka a Facebook da TikTok da YouTube, wannan safar hannu ce mai girgiza, wancan ƙwallo ne mai batir, wata kuma bindigar tausa ce, ga bidiyon dattijo da yatsunsa a dunƙule an ɗora masa inji sai ga su sun saki. In ka tambayi likitocin fisiyo kuma, wato masu farfaɗo da gaɓoɓi ta hanyar atisaye, wani ya ce eh ana amfani da shi, wani ya ce kar ka ɓata kuɗinka. Dole kan mutum ya ɗaure. Abin da ya cakuɗa maganar shi ne kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, sai dai sau da yawa ba inji ɗaya suke nufi ba, kuma ba sauƙi iri ɗaya suke nufi ba in sun ce "yana aiki".

Me ya samu hannun tun farko

Ciwon ba a hannu yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Ko dai jijiyar jini ta toshe, wanda shi ne kusan kashi 85 cikin 100 na masu wannan ciwo da ake kira sitirok, ko kuma ta fashe jini ya zuba a ciki. Wurin da jini ya daina isa sai ƙwayoyin wurin su mutu, kuma da yake hanyoyin saƙo tsallakawa suke yi, in ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu hannun dama ne zai faɗi. Ƙungiyar World Stroke Organization ta ce sama da mutum miliyan 12 ne ke samun sitirok duk shekara a duniya, kuma mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka wuce shekara 25 zai gamu da shi a rayuwarsa.

Matsalar hannun kuma ba guda ɗaya ba ce, shi ya sa magani ɗaya ba ya share ta. Akwai rauni, wato umarnin ƙwaƙwalwa ba ya isa ga tsoka da ƙarfi. Akwai rashin ji, mutum ba ya jin taɓawa sosai, wani ma in ya rufe ido bai san inda hannun nasa yake ba, a miƙe yake ko a lanƙwashe. Sannan akwai ƙagewar tsoka wadda take zuwa daga baya, bayan makonni ko watanni, kuma bincike daban-daban ya sa ta tsakanin kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na majinyata. Wanda ya taɓa jinya ya san kamarta: damtse ya manne da ƙirji, gwiwar hannu a lanƙwashe, wuyan hannu ya karyo ciki, babban yatsa ya shige tafi sauran yatsun sun rufe shi ruf, har wanke tafin da yanke farce su zama aiki. In ka ja yatsun da sauri sai su ƙara turjewa, in ka bi su a hankali sai su ɗan saki. Wannan turjiyar daga laka take fitowa, saboda birkin da ƙwaƙwalwa take taka mata a da ya yi sanyi.

Akwai kuma ta huɗu da ba a cika lura da ita ba. Mutum ya gwada ɗaukar kofi ya kasa, ya sake gwadawa ya zubar, sai ya haƙura ya koma yin komai da hannu mai lafiya. Ƙafa dole a taka ta in ana son zuwa ko da banɗaki ne, amma hannu ana iya ajiye shi a cinya wata da watanni, kuma ƙwaƙwalwa abin da ba a amfani da shi ba ta ba shi wuri. Wannan yana cikin dalilan da suka sa za ka ga mutum ya tashi yana tafiya amma hannun yana nan jiya-i-yau.

Girgizar ba iri ɗaya ba ce

A nan ne rikicewar ta fi yawa. Wadda aka fi yin bincike a kanta game da hannu ita ce girgizar da ake ɗorawa a kan tsoka guda ko jijiyar da ta ɗaure tsokar da ƙashi. Ɗan ƙaramin kai ne ake dannawa a wurin, yana karkarwa da sauri sosai, yawanci sau 80 zuwa 120 a sakan ɗaya, amma motsin nasa ɗan mitsitsi ne, a wasu gwaje-gwajen bai wuce milimita 0.2 zuwa 0.5 ba. Wato ba duka ba ne, ba tausa ba ce, ɗan zuuu ne kawai mutum zai ji.

Ta biyu ita ce faranti mai girgiza da ake tsayawa a kai, irin na wuraren motsa jiki, wanda saurinsa yawanci bai kai sau 50 a sakan ba. An fi gwada shi a kan ƙafa da tsayuwa, wasu suna sa majinyaci ya zauna ya dafa hannu a kai, sakamakon dai ya rarrabu.

Ta uku su ne na sawa a jiki. Masu bincike a Georgia Tech da Stanford a Amurka sun yi wata safar hannu mai ƙananan motoci a yatsu, irin motar da ke sa waya baibireshin, majinyata suna sa ta awa 3 kullum har sati 8. A jami'ar likitanci ta South Carolina kuma an yi wani abu kamar agogon hannu mai suna TheraBracelet, shi nasa ma abin mamaki ne, don ana rage girgizar ne zuwa kashi 60 cikin 100 na mafi ƙarancin abin da mutum zai iya ji, ma'ana ba ya jin komai sam. Tunanin shi ne wannan ɗan motsin na ɓoye yana ƙara wa jijiyoyin ji kaifi a lokacin da mutum yake atisaye.

Sai bindigar tausa, wadda ita ce ta fi yawa a kasuwa kuma ita ce ta fi nisa da abin da aka gwada. Tana bugawa wajen sau 30 zuwa 50 a sakan, kuma kanta yana shiga yana fita milimita 10 zuwa 16. A kwatanta wannan da rabin milimita. An yi ta ne don gajiyar tsoka ta masu lafiya, 'yan wasa da makamantansu, don haka in mai talla ya ce "bincike ya nuna" alhali bindigar tausa ce a hannunsa, to binciken wani injin ya aro.

Daga ina tunanin ya fito

Ba sabon abu ba ne. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 likitan ƙwaƙwalwar nan na Faransa, Jean-Martin Charcot, ya lura masu ciwon Parkinson, mai sa karkarwar jiki, suna cewa suna jin dama-dama bayan doguwar tafiya a jirgin ƙasa ko keken doki, har ya sa aka ƙera kujera mai girgiza. Bayan rasuwarsa a 1893 maganar ta kwanta.

Abin da ya ba ta tushe na kimiyya ya zo ne daga baya. A cikin kowace tsoka akwai wasu ƙananan ma'aunai masu siffar mazari, aikinsu su dinga gaya wa laka da ƙwaƙwalwa tsawon tsokar da saurin da take miƙewa. Su ne suke sa ka san inda hannunka yake ko a cikin duhu. To waɗannan ma'aunan girgiza mai sauri tana tayar da su ƙwarai. A 1966 Hagbarth da Eklund a Suwidin suka nuna cewa in aka girgiza tsoka takan ɗaure da kanta a hankali, ita kuma kishiyarta ta ɗaya gefen ta saki. A 1972 Goodwin da McCloskey da Matthews a Oxford suka nuna wani abin: a rufe wa mai lafiya ido a girgiza jijiyar damtsensa, sai ya ji kamar gwiwar hannunsa tana miƙewa alhali ko motsi ba ta yi ba.

Daga waɗannan biyun ne aka gina fata. Na farko, in tsokokin da ke dunƙule hannu sun fi ƙarfi, a girgiza masu buɗewa na bayan hannu, sai masu dunƙulewar su sassauta. Wasu kuma tsokar da ta ƙage ɗin kanta suke girgizawa, don an ga bayan an ɗauke injin turjiyar laka takan yi ƙasa na wani lokaci. Na biyu shi ne babban fatan: tunda girgiza tana aika ambaliyar saƙo zuwa sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da hannu, kuma sashen ji da na motsi maƙwabta ne masu hulɗa da juna, wataƙila hakan ya taimaka wa ƙwaƙwalwa wajen buɗe sababbin hanyoyi a gefen wurin da ya mutu. Ita wannan sake tsara kai da ƙwaƙwalwa take yi gaskiya ce, a kanta duk aikin fisiyo na masu sitirok ya dogara, kuma ta fi sauri a watanni 3 na farko zuwa 6, ko da yake ba ta tsayawa cak bayan nan.

Abin da masu goyon baya suke riƙe da shi

Suna da hujja, ba wai ba su da ita ba. A Japan a 2012 an gwada girgiza ta minti 5 kai tsaye a kan tsokokin hannu da suka ƙage, aka ga ƙagewar ta ragu kuma bayan minti 30 ragin yana nan. A Italiya, inda aka fi yin wannan aikin, an saba da wani tsari na girgiza sau 100 a sakan, minti 10 sau 3 a rana, kwana 3 a jere, haɗe da fisiyo. Rahotannin da suka fito a 2011 da 2012 kan mutanen da suka daɗe da ciwon sun nuna sauƙi a hannu, kuma a ɗaya daga ciki an auna ƙwaƙwalwar da na'urar maganaɗisu aka ga canji a sashen motsi wanda yana nan bayan sati 2. Masu safar hannun Amurka su ma sun ba da rahoton raguwar ƙagewar yatsu da ƙaruwar ji a ƙaramin gwajinsu.

Suna kuma ƙarawa da cewa abin ba allura ba ne, ba ƙwaya ba ce, ba ya sa barci da kasala kamar yadda baclofen, ƙwayar sassauta tsoka, yake sa wasu, ba ya buƙatar a dinga komawa duk wata 3 zuwa 4 kamar allurar Botox da ake yi wa tsokar da ta ƙage. Kuma ko wanda hannunsa ba ya motsi ko kaɗan ana iya yi masa, alhali hanyoyi da yawa sai mai ɗan sauran motsi a yatsu.

Abin da masu taka-tsantsan suke cewa

Su ba su ce ƙarya ba ne. Cewa suke yi hujjar ba ta kai girman tallar ba. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, mutum 20, 30, 50, kuma kowa da saurin da ya zaɓa, da tsokar da ya ɗora wa, da mintunan da ya yi, don haka in an tattara su wuri ɗaya da wuya a ce ga takamaiman awo da kowa zai bi. Ga kuma matsalar ɓoyewa: a gwajin ƙwaya ana iya ba wasu ta bogi ba su sani ba, amma girgiza mutum yana jinta, ya san an yi masa sabon abu, kuma wannan kaɗai yana iya ƙara masa himma. In kuma an yi gwajin a watannin farko, jiki da ma yana farfaɗowa da kansa, sai a jingina wa inji abin da lokaci ya yi.

Amma babbar maganarsu ita ce bambancin laushi da aiki. Ƙagewa ana auna ta ne da ma'aunin Ashworth, daga 0 zuwa 4, likita ne yake lanƙwasa hannun ya ji yadda yake turjewa ya ba da maki. Motsin hannu kuma akwai ma'aunin Fugl-Meyer mai maki 66. Mutum yana iya sauka daga 3 zuwa 2 a na farko, hannu ya yi laushi, amma har yanzu bai iya ɓalle maɓallin riga ba, saboda a wajen mutane da yawa ba ƙagewar ce take hana aiki ba, raunin da ke ƙarƙashinta ne. Kamar a ɗiga wa ƙofa mai ne, za ta daina ƙara ta yi sauƙin turawa, amma dai sai an samu mai turawar. Wancan bidiyon na yatsu da suka saki yana iya zama gaskiya ɗari bisa ɗari, abin da ba a nuna ba shi ne hannun bayan awa ɗaya, kuma ba a nuna ko dattijon zai iya buɗe yatsun da kansa ba.

Akwai kuma hannun da ya daɗe a dunƙule har tsoka da jijiyoyin gaɓa suka gajarce suka sandare. Wannan ya wuce turjiyar laka, naman ne da kansa ya canja, kuma girgiza ba ta ƙara masa tsawo.

In aka auna maganganun biyu, abin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne girgiza tana rage ƙagewa na ɗan lokaci a wajen wasu majinyata. Maganar dawo da aikin hannu kuwa alamu ne masu ƙarfafa gwiwa, kuma kusan duk inda aka ga alamun tare da atisaye aka yi, ba inji shi kaɗai ba.

Ina matsayinta a cikin sauran hanyoyi

Abin da ya fi kowanne hujja har yanzu shi ne maimaita aiki na gaske da hannun, sau da yawa, kullum. Miƙa hannu a taɓa kofi, a kama, a ɗaga, a ajiye, a saki, a sake. Wani bincike na 2009 a Amurka da Kanada ya ƙirga ya ga a zaman fisiyo ɗaya majinyaci yana maimaita aikin hannu sau 32 ne a matsakaici, alhali a gwajin dabbobi inda aka ga ƙwaƙwalwa ta canja ana maganar sau 400 zuwa 600 a rana. Tazarar ba kaɗan ba ce. Shi ya sa jagorar kula da masu sitirok ta Birtaniya da Ayalan ta 2023 ta ce a ba wanda zai iya aƙalla awa 3 na atisaye a rana, kwana 5 a sati. A asibitin ƙwaƙwalwa na Queen Square da ke Landan akwai shirin da ake ba majinyata awa 90 cikin sati 3, kuma rahotonsu na 2019 ya nuna ci gaba har ga waɗanda suka wuce shekara da ciwon.

Akwai hanyar da wani masani ɗan Amurka, Edward Taub, ya assasa, ta ɗaure hannu mai lafiya a tilasta wa mai ciwon yin aiki, wadda wani gwaji mai suna EXCITE na 2006 mai mutum 222 ya nuna amfaninta ga masu sauran motsi a wuyan hannu da yatsu. Akwai atisayen madubi, inda ake kallon hannu mai lafiya yana motsi a madubi kamar mai ciwon ne yake yi, akwai motsa tsoka da lantarki. Girgiza tana bayan waɗannan a ƙarfin hujja. Inda ta fi dacewa shi ne a matsayin share fage, a yi ta na 'yan mintuna hannu ya sassauta, nan take kuma a shiga atisaye kafin laushin ya gushe.

Wa ya kamata ya yi hattara

A gwaje-gwajen da aka yi ƙarƙashin kulawa ba a cika samun illa mai tsanani ba, ɗan jan fata ne ko ƙaiƙayi. Haɗarin ya fi yawa a gida, da inji mai ƙarfi a hannun wanda bai san wurin ba. Wuya shi ne na farko, kar a kai bindigar tausa gefen wuya ko ƙeya, manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta nan suke bi, kuma an samu rahotannin likitoci na mutanen da jijiyar ta tsage bayan irin wannan tausar. Sai kafaɗa. A hannun da ya saki, ƙashin damtse yakan ɗan zame daga gurbinsa har ka iya sa yatsa a ramin, irin wannan kafaɗar ba ta son duka ba ta son ja.

Mai shan maganin tsinka jini yana saurin samun taruwar jini a ƙarƙashin fata. Wanda ba ya ji sosai a hannun ba zai ce "ya isa" ba ko da ana ji masa ciwo, wanda kuma maganarsa ta taɓu yana iya jin zafin ya kasa faɗa, sai dai a kalli fuskarsa. Hannu ko ƙafar da ta kumbura ta yi zafi haka kawai ba a girgiza ta, gudan jini ne ake tsoro. Haka wurin da ke da rauni ko sabuwar karaya. Mai na'urar daidaita bugun zuciya, da mai farfaɗiya, da mai ciki, sai sun ji daga likita tukuna. Kuma yawan girgiza ba ƙarin lafiya ba ne, ma'aikatan da suke shekaru suna riƙe da injin fasa dutse da makamantansa sanannen abu ne yatsunsu suna mutuwa su daina ji.

Wani abin kuma, in aka ɗora a tsokar da ba ita ba, a lokacin da injin yake aiki yana iya ƙara ɗaure hannun ne ma, tunda aikin girgiza na farko shi ne sa tsoka ta ɗaure.

Me wannan yake nufi ga majinyaci da masu jinya

Asarar da ta fi kuɗin injin ita ce ta lokaci. Iyali su sayi abu, hankalinsu ya kwanta cewa ana yin wani abu, majinyaci ya zauna inji yana zuuu a hannunsa yana kallon talabijin, watannin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar horo su wuce a haka. Wani ma har ya rage zuwa fisiyo. Ta ɗaya gefen kuma, ga wanda ƙagewa ce take hana shi fara atisayen, ko take hana a buɗe tafin a wanke, minti 20 ko 30 na laushi ba abin rainawa ba ne.

Don haka kafin a saya, tambayoyin da za a kai wa likitan fisiyo su ne: matsalar hannun nan rauni ne ya fi yawa, ko ƙagewa, ko rashin ji, ko ya riga ya sandare? In za a gwada, a kan wace tsoka, minti nawa, wane atisaye zai biyo baya? Shi kuma mai sayarwa a tambaye shi sau nawa injin yake girgiza a sakan da zurfin motsinsa, in bai sani ba ko ya ce yana maganin sitirok gaba ɗaya, wannan ma amsa ce.

In an fara, a zaɓi aiki ɗaya ko biyu da za a iya ƙirgawa, misali murfin kwalba nawa zai iya ɗauka daga faranti ya sa a kwano cikin minti ɗaya, ko yatsun suna buɗewa har ina da kansu ba tare da an taya ba. A ɗauki bidiyo a waya ranar farko, a sake ɗauka bayan sati 3 ko 4, a lokaci iri ɗaya na rana kuma kafin a kunna injin, ba bayan an kashe shi ba. In an ga bambanci a ci gaba, in babu sai a koma wa likitan fisiyo a canja tsari. Maganin hawan jini da na suga da sauran abin da likita ya rubuta kuwa ba su da alaƙa da wannan gwajin, ana ci gaba da shan su ko hannun ya motsa ko bai motsa ba, don su ne suke rage haɗarin sitirok na biyu.